Katako Uku a Kwali Ɗaya

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, gefen babbar hanyar da ta taso daga Kubwa ta nufi Zuba, akwai wani Alhaji mai sayar da ƙofofi. Mutumin Funtua ne. Ya shigo Abuja tun ana gina rukunin gidajen Gwarimpa, yana yi wa masu katako dako, har Allah ya buɗa masa ya mallaki shago biyu da sito. Abin da aka san shi da shi a layinsu shi ne ba ya ɓoye aibin kaya. Idan ƙofa ta garin katako ce da aka matse aka yi mata fuskar maɗaci, zai gaya maka tun kafin ka tambaya, ya kuma ce kada ka sa ta a banɗaki don ruwa zai kumbura ta. Mutane da yawa sun bar shagonsa sun sayi mai araha a gaba, damina ɗaya ta dawo da su.

Wanda ke riƙe masa littafin ciniki ɗan ƙanwarsa ne, saurayi mai shiru-shiru da ya karanta aikin akanta a Kaduna.

A farkon shekarar 2024 wani ɗan kwangila da ke gina rukunin gidaje a Lokogoma ya ba Alhaji aikin kawo firam ɗin ƙofofin ɗakuna, na katako zalla, masu awo ɗaya. Alhaji ya yi ciniki da wata masana'anta a Foshan, cikin lardin Guangdong na ƙasar Sin. Masana'antun can ba sa turo firam a haɗe, domin haɗaɗɗen firam fili kawai yake ci a kwantena. Kowane kwali guda uku ne a ciki: ƙafa biyu da kai ɗaya. An yanke bakunansu a karkace yadda za su haɗu a kusurwa, an fafe gurbin hinji a ƙafa ɗaya, an huda ramin harshen kuba a ɗayar, an tsaga layin da roba za ta zauna, an yi fenti, an buga wa kowane guda lamba.

Lokacin kuwa ba na wasa ba ne ga mai shigo da kaya. Tun watan Yunin 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa ƙofofin katako cikin jerin kayayyaki 41 da aka hana masu shigo da su samun dala a kasuwar hukuma, ba a ɗage takunkumin ba sai a Oktoban 2023. Kafin 'yan kasuwa su gama murna naira ta riga ta zube. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma da darajar kaya a dala ake lissafa kuɗin fito sannan a juya shi zuwa naira. Kwantenar da aka saba fitarwa a 2023, a farkon 2024 kuɗin fitonta ya ninka fiye da sau biyu.

Ana shirin buɗe Fom M, takardar da mai shigo da kaya ke cikewa a banki, sai ejan ɗin da ke yi wa Alhaji fiton kaya a Legas ya bugo waya.

"Ranka ya daɗe, kayan nan a warwatse za su zo, ko?"

"A warwatse."

"To don me za mu rubuta firam? Firam abu ne da ke tsaye a bango. Abin da ke cikin kwalin nan katako ne guda uku. A rubuta yankakken katako, lamba 44.07. Kuɗin fitonsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kai dai ka gaya wa mutanenka na Sin su sa haka a takardar farashi."

Alhaji ya ce, "Babu ƙarya a ciki?"

"Ƙarya kuma, Alhaji? Roba ce? Ƙarfe ne? Ba katako ba ne?"

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "Katako ne kam."

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Alhaji bai tashi da niyyar cin haƙƙin kowa ba. Ya yi tambayar da ta dace, sai dai ya yi ta ga mutumin da ya san amsar da zai ba shi, kuma da amsar ta zo bai matsa mata ba. Mai saye yana da fuska, yana da sallama, za ku haɗu a masallacin kasuwa gobe. Takarda ba ta da ko ɗaya. Shi ya sa mutumin da ba zai iya kallon idon tsohuwa ya ce mata garin katako maɗaci ne ba, ya ɗauki waya da hannunsa ya rubuta wa masana'anta cewa a canza sunan kaya.

Ɗan ƙanwarsa ne ya ga kwafin takardar farashin da ta dawo. A daren nan, bayan an rufe shago, ya buɗe jadawalin kuɗin fito a wayarsa ya yi ta bi. Lambobin nan ba Najeriya ce ta ƙirƙiro su ba. Hukumar Kwastan ta Duniya, mai hedikwata a Brussels ta ƙasar Beljiyam, ita ke kula da tsarin, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 1988, ana kuma sabunta shi lokaci-lokaci. Sabuntawar da ake aiki da ita a lokacin ta 2022 ce. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a Sin da Turkiyya da Najeriya, sai yankinmu na ECOWAS ya ƙara huɗu su cika goma. Babi na 44 shi ne na itace da abin da aka yi da shi, kuma an jera shi ne bisa yawan aikin da hannu ya yi. Gungume yana wajen farko, a 44.03. Katakon da aka tsaga da zarto, mai kauri fiye da milimita 6, yana 44.07. Wanda aka bi tsawonsa aka yi masa tsagi ko baki ko ado yana 44.09. Sai can gaba a 44.18 aka sa kayan kafinta na gini, aka ambaci tagogi da ƙofofi da firam ɗinsu da dokin ƙofa da sunansu.

Ya kuma ga ƙa'idoji shida da aka sa a farkon jadawalin don warware gardama. Sashen farko na ƙa'ida ta biyu ya tsaya a kansa ya karanta har sau nawa. Ma'anarsa ita ce abin da aka kawo ba a ƙarasa ba, ko aka kawo shi a kwance ba a haɗa ba, matuƙar ya riga ya ɗauki ainihin siffar cikakken abin, to lambar cikakken abin za a ba shi.

Da safe ya jira sai da Alhaji ya gama shan shayi.

"Kawu, ina jin tsoron lambar nan. Dokarsu ta ce ko a warwatse kaya ya zo, in dai haɗawa kawai ta rage, sunansa na haɗaɗɗe yake ci."

"Kai da ejan wa ya fi sanin tashar Apapa?"

"Shi ya fi ni, Kawu. Amma sunanka ne a Fom M, ba nasa ba."

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce gwamnatin da ba ta ba shi wuta ba, janareta yake kunnawa tun safe, wadda ta bar hanyar cikin kasuwa ta zama kwata duk damina, ita ce za a yi wa kara? Ya lissafo ƙarin kashi 7 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kuɗin fito, da harajin kayan masarufi na kashi 7.5, da na ECOWAS, da kuɗin tasha, da na tirela daga Legas. Ya ce in ya biya duka yadda aka rubuta, wa zai yi wa aiki, kansa ko su?

Kukan nan akwai gaskiya a cikinsa, duk wanda ya taɓa shigo da ko kwali ɗaya ya san haka. Yaron ma bai musa ba. Ya dai ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu," ya koma kan littafinsa.

Kafin jirgin ruwa ya iso, masana'anta ta aiko da kwali ɗaya ta jirgin sama a matsayin samfuri. Alhaji ya aika aka kira masa wani tsohon kafinta da ke da rumfa a bayan layin masu katako, don su yi cinikin kuɗin kafawa. Tsohon ya zo da biro a bayan kunne. Ya ɗaga ƙafar firam ɗaya, ya kanne ido ya bi tsawonta, ya shafa gurbin hinji da ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa ya saurara.

"An busar da shi sosai," in ji shi. "Aiki ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma Alhaji, ni me ka kira ni in yi? Wannan ai ko yaron da ya fara koyo jiya, ka ba shi sukundireba ya gama."

Alhaji ya yi dariya, sannan kamar da wasa ya ce, "To Malam, in aka tambaye ka, wannan katako ne ko firam?"

Tsohon ya dube shi. "In tela ya yanka riga, gaba daban, baya daban, hannu da wuya da aljihu daban, ya ɗaure a leda, za ka kai kasuwar Wuse ka sayar a matsayin yadi? Wa zai saya ya ɗinka wando da shi? Katako shi ne wanda in ka ba ni zan iya yin benci ko tebur ko firam, yadda na ga dama. Wannan an riga an yanke masa abin da zai zama."

Ya ajiye guntun a hankali. Ya ce a da, in aka fara rukunin gidaje irin wannan, rumfarsa ba ta ɗaukar yara, wasu na yanka, wasu na goga, wasu na fafe gurbi. Yanzu saura biyu, ɗaya ma yana maganar komawa acaɓa.

Maganar tsohon nan ita ce dalilin da ya sa lambobin suka bambanta a kuɗi, ko da shi bai taɓa ganin jadawalin ba. Tun 2015 Najeriya ke aiki da jadawalin bai ɗaya na ƙasashen ECOWAS, mai matakai biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Manufarsa ita ce ɗanyen kaya da injuna su shigo da sauƙi, abin da aka yi wa rabin aiki ya biya matsakaici, wanda aka gama shi a waje ya fi biya, don aikin ƙarasawa ya rage wa hannun mutanen gida. Ba na cewa wannan kaɗai zai cika rumfar kafinta da yara. Muddin babu wuta, babu wurin busar da katako, firam ɗin gida zai ci gaba da murɗewa bayan hunturu ɗaya, masu gini kuma su ci gaba da gudunsa. Amma wanda ya shigo da gamammen firam da sunan ɗanyen katako ya karɓi rangwamen da aka ware don wanda zai kawo wa kafinta aiki, alhali aikin ya riga ya biya shi a Foshan.

Takardar tantance kaya ta kafin isowa, wadda ake kira PAAR, ta fito daga hukumar kwastan da lamba 44.07 kamar yadda aka nema. Alhaji ya miƙa wa yaron, ya ce, "Ga su nan da kansu sun yarda." Yaron ya karɓa ya sa a fayil. Ya san takardar a kan abin da aka rubuta aka gina ta, ba wanda ya buɗe kwali tukuna.

Ranar duba kaya a Apapa aka fasa hatimin kwantena, 'yan dako suka sauke kwalayen gaba. Jami'in kwastan ya sa aka yanka ɗaya. A saman katakon akwai 'yar takarda da masana'anta ke sawa a kowane kwali, da zanen yadda ake haɗa guda ukun da hoton ƙofa a tsaye. An canza suna a takardar farashi, ba wanda ya tuna da wannan. Jami'in bai ce komai ba. Ya shimfiɗa ƙafa biyu a ƙasa, ya kawo kan ya ɗora, kusurwa ta haɗu da kusurwa ba ko gibi. Ya ɗauki hoto, ya rubuta rahoto, aka dakatar da kwantenar, aka fitar da takardar neman cikon kuɗin fito da tara.

Ejan ya bugo yana cewa a yi haƙuri, akwai hanya, a ɗan nemo wani abu a ga mutane. Wannan karon Alhaji ya ce a'a. Har yanzu gani yake yana da hujja, kuma mai hujja ba ya bin ta bayan gida. Tun da gardamar lamba hedikwatar kwastan ake kai ta, hedikwatar kuma ga ta a Abuja, sai ya ɗauki samfurin nan da fayil ɗinsa, ya ce wa yaron ya biyo shi.

A sashen da ke kula da jadawalin fito suka sami wata jami'a mai manyan shekaru. Ta amsa sallamarsu da Hausa, ta ba su wurin zama, ta bar Alhaji ya yi bayaninsa har ƙarshe ba ta katse shi ba. Ya ce katako ne, ba a haɗa ba, ba ƙusa ko ɗaya a jiki. Don ya nuna mata cewa lokaci na ƙure masa, ya zaro takardar kwangilar Lokogoma ya ajiye a gabanta.

Ta karanta, ta juyo da takardar wajensa ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Alhaji, nan me aka rubuta za ka kawo musu?"

"Firam ɗin ƙofa."

"Kuɗin da za su biya ka, na katako ne ko na firam?"

Bai amsa ba.

"In da ɗan kwangilar nan zai zo ya ce ai katako uku ka kawo masa, don haka kuɗin katako zai biya, za ka yarda?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallon takardun biyu a gefen juna, ta masana'anta da ta kwangila, duka da sa hannunsa ko umarninsa, kaya ɗaya, suna biyu. Can ya ce, "Ba zan yarda ba, ranki ya daɗe."

Ba ta ƙara masa da faɗa ba. Ta jawo jerin kayan ta bi shi layi-layi. A ƙarshen kwantenar akwai dogayen sandunan ado da ake zagaye firam da su, waɗanda aka turo da tsawonsu, ba a yanka su daidai da wata ƙofa ba. Ta ce waɗannan ba firam ba ne tukuna, wurinsu 44.09. Akwai kuma katan-katan na hinji da Alhaji ya ƙara don sayarwa a shago. Ta ce waɗannan ƙarfe ne, babinsu daban, 83.02. Kowanne ta mayar da shi gidansa ba tare da duba wanne ya fi kawo kuɗi ba. Ta gaya masa cewa dokar Hukumar Kwastan ta 2023 ta ɗauki bayanin ƙarya a kan kaya a matsayin laifi, yana iya kai wa ga ƙwace kayan ɗungurungum, don haka ya gode wa Allah abin ya tsaya a ciko da tara. Sannan ta dubi yaron ta ce a wannan shekarar ta 2024 hukumar ta ƙaddamar da tsarin neman hukunci tun kafin a yi odar kaya: ka kawo bayani da hoto da samfuri, a ba ka lambar a rubuce, ka yi lissafinka a kanta.

A mota Alhaji ya fara zagin ejan. Ya yi nisa, sai ya tsaya da kansa.

"Shi shawara ya kawo," in ji shi. "Ni na rubuta wa mutanen Sin."

Suka wuce Kubwa ba wanda ya sake magana. Daf da shiga kasuwa ya ce, "Ka gaya mini tun farko, na ƙi ji. Ka yafe ni."

Yaron ya ce, "Haba Kawu, ai ba komai tsakaninmu."

Kuɗin ya yi ciwo. Bayan ciko da tara, ga kuɗin zaman kwantena da kamfanin jirgi ke lissafawa kullum, ga na filin tasha. Kafin tirela ta biyo ta Lokoja da Gwagwalada ta iso Dei-Dei, ribar kwangilar ta tafi, har ta taɓa uwar kuɗi. Ɗan kwangila ya yi ta kiran waya saboda jinkiri. Alhaji bai ce masa jirgi ne ya makara ba, ya gaya masa abin da ya faru yadda ya faru. Mutumin ya yi faɗa, ya zabge wani abu daga kuɗin, amma da zai fara kashi na biyu na gidajen, Alhaji ya sake kira.

Wannan karon Alhaji ya sa yaron ya yi lissafi iri biyu. Na farko, gamammen firam da lambarsa ta gaskiya. Na biyu, busasshen katako tsagagge, wanda ba a yi masa komai ba bayan zarto da goga, a yi sauran aikin a nan. Yaron ya haɗa bayani da hotuna ya nemi hukunci a rubuce kafin a biya ko sisi. Lissafin bai nuna wata babbar rata ba. In aka sa man janareta da abin da zai lalace wajen yanka, na biyun da kaɗan ya fi sauƙi, kuma ya fi wahala. Alhaji ya raba odar, kashi mafi yawa gamamme, sauran katako, don ya gwada.

Ya taka da kansa zuwa rumfar tsohon kafinta.

"Malam, in na kawo maka busasshen katako irin wancan, za ka iya fitar da kusurwa kamar tasu?"

"Da wannan zarton? A'a. Sai an sayi injin yankan kusurwa da na fafe gurbi. Kuma sai na kira yaran da suka tafi."

"Injin ni zan saya, a riƙa cirewa a kuɗin aiki."

Firam na farko da tsohon ya yi, Alhaji ya ɗaga shi ya ga haske na ratsa kusurwar hagu, ya mayar masa. Tsohon ya yi gunaguni, ya ce katakon ne, Alhaji ya ce hannu ne. Na biyu ya zauna daram. Suka koma kan benci suka shiga cinikin kuɗin kowane firam, tsohon ya faɗi nasa, Alhaji ya ce albarka, yaron yana gefe da littafi a buɗe yana jiran su daidaita ya rubuta.